Shin In Zuba Jarina A Sigari? Amsa Ga Wani Mai Shago A Funtuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon kayan masarufi kusa da tasha a Funtuwa. Cikin abin da nake sayarwa har da sigari, wasu masu tebur ma a wurina suke sara. Wani dila ya ce idan na zuba naira miliyan 4 zai riƙa ba ni kaya a farashin manyan 'yan sari, in zama ni ke raba wa masu tebur na unguwarmu da ƙauyukan kusa. Wani kuma ya kawo mini wata sigari mai araha wadda babu hoto a kwalinta, ya ce ta ƙetare ce, ribarta ta ninka. Ina ji a rediyo gwamnati na ƙara haraji tana kafa dokoki, amma ni dai ban ga masu sha sun daina ba. Dokokin nan suna rage shan taba da gaske, ko magana ce kawai? In zuba kuɗin ko in nemi wata hanya?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa wa kasuwa albarka. Shawarata ita ce kada ka zuba miliyan huɗun nan a sigari, ita kuma mai arahar da babu hoto a kwalinta kada ka bari ta kwana a shagonka. Dalilin ya rataya ne a kan tambayarka ta farko, don haka daga can zan faro.

Ka ce ba ka ga masu sha sun daina ba, kuma na yarda da kai. Sai dai mai shago wanda ya zo kawai yake gani. Wanda ya bar shan taba ba zai tako ya sanar da kai ba, ɗauke ƙafa zai yi, kai kuma ka ɗauka ya koma sayayya wani wuri ko ya bar gari. Saurayin da tsada ta hana shi farawa kuwa ba ka taɓa saninsa ba balle ka lissafa shi. Abin da idonka zai iya kamawa yana nan a bakin kanta, in ka lura. Direban da a da yake ɗaukar kwali guda ya jefa a gaban mota, yanzu kara uku yake cewa a ba shi. Wanda ya saba da mai tsada ya sauko kan ta ƙasa da ita, yana cewa ai duk hayaƙi ne. Ɗan dako ya kunna, ya ja sau huɗu, ya murtsuke wutar da yatsa, ya maƙale guntun a bayan kunne sai an jima. Samari biyu suna karɓa-karɓa da kara ɗaya. Littafin bashinka kuma ya ƙara kauri da "rubuta mini biyu, sai gobe". Duk wannan canjin hali ne, kuma farashi ne ya kawo shi. Kawunan da ke zuwa ba su ragu sosai ba, amma kararen da kowane kai yake ɗauka sun ragu, kuɗin da yake bari ma sun ragu.

Tun asali ma kasuwar sigari a Najeriya ba ta kai girman da ake zato ba. Babban binciken da aka yi a 2012 kan manya masu shekara 15 zuwa sama ya nuna kashi 5.6 cikin 100 ne ke amfani da taba kowace iri, har da ta gari da ta tauna, masu busa hayaƙi kuwa kashi 3.9 ne, kusan dukkansu maza. Kusa da tasha kake, inda masu sha suka fi taruwa, shi ya sa abin yake yi maka kamar kowa na sha. Yawan jama'a da ke ƙaruwa kowace shekara shi ma yana rufe raguwar, domin ko kason masu sha ya sauka, adadinsu zai iya tsayawa inda yake na wani lokaci.

Cikin duk matakan da gwamnatoci ke ɗauka, haraji ne ya fi cizo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara binciken ƙasashe da dama, abin da ya fito shi ne idan farashin sigari ya tashi da kashi 10 cikin 100, shan ta yana sauka da kusan kashi 4 a ƙasashe masu arziki, da kusan kashi 5 a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Wajen rabin saukar daga waɗanda suka bari ne gaba ɗaya ko suka fasa farawa, sauran daga waɗanda suka rage. Ka lura da abu biyu a nan. Saukar ba ta kai tashin farashin ba, saboda taba tana kama jiki, mai sha zai rage cefane kafin ya rage ta. Wannan ne ya sa gwamnati take samun ƙarin kuɗin shiga duk da ciniki ya ragu, shi ne kuma ya sa ba za ta daina ƙarawa ba. Abu na biyu, waɗanda tsada ta fi taɓawa su ne matasa da masu ƙaramin ƙarfi, wato 'yan acaba, 'yan dako, yaran mota, leburori. Su ne abokan cinikin masu teburin da dilan yake so ka riƙa raba wa kaya.

Afirka ta Kudu ta gwada wannan a fili. Daga 1994 gwamnatin Mandela ta riƙa ɗaga harajin taba shekara bayan shekara, ta biyo da hana talla da hana sha a wuraren jama'a. Tsakanin 1993 da 2003 ainihin farashin sigari ya ninka, yawan wadda ake sha a ƙasar ya sauka da kusan kashi ɗaya cikin uku, masu sha kuma suka sauko daga kusan kashi 32 cikin 100 na manya zuwa kusan kashi 24. A Brazil ma daga kusan kashi 35 a 1989 aka sauko ƙasa da kashi 20 a 2008, masu bincike suka jingina kusan rabin wannan sauka ga tsadar farashi. Waɗannan ba ƙasashen Turai ba ne, suna da talakawa da unguwannin marasa galihu da masu sayar da kaya a bakin titi kamar yadda muke da su. Kuma ka ga tsawon lokacin da abin ya ɗauka: shekara goma, shekara ashirin. Wanda yake tsaye a shago kullum ba zai ji motsin ba sai ya waiwaya.

A nan gida kuwa, har zuwa 2018 harajin da ake ɗora wa sigari kashi 20 cikin 100 ne na kuɗin da aka kashe wajen yin ta, wanda ba wani abin kirki ba ne. A watan Yunin 2018 gwamnatin Buhari ta ƙara wani haraji a kan kowane kara: naira 1 a shekarar, naira 2 a 2019, naira 2 da kwabo 90 a 2020, wato naira 58 a kwali mai kara 20. A 2022 aka ɗaga kason zuwa kashi 30, na kwali kuma ya koma naira 84. In ka gwada da abin da ake nema, har yanzu da sauran tafiya mai nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so haraji ya kai kashi 75 cikin 100 na farashin da mai sha yake biya. Ƙungiyar ECOWAS kuma tun 2017 ta fitar da umarni cewa kada ya gaza kashi 50 na farashin kayan kafin a ɗora haraji, tare da senti 2 na dalar Amurka a kowane kara. Najeriya ta rattaba hannu a yarjejeniyar duniya ta yaƙi da taba, ta tabbatar da ita a 2005, ga kuma gwamnati da ke neman kuɗin shiga ido rufe. Duk wanda zai sa jari a wannan kaya ya sa a ransa cewa harajin sama zai yi. Ana iya jinkirta shi, kamar yadda aka dakatar da wani ƙari a 2023, amma ban ga alamar zai sauko ba.

Gaskiya ne tsadar da ka gani a 'yan shekarun nan ba duka ba ce daga haraji. Faɗuwar naira da cire tallafin mai a 2023 sun fi shi tasiri, har ma sun cinye darajar naira 84 ɗin da aka sa wa kwali a 2022. Amma shi mai sha bai damu da wanda ya ɗaga farashin ba. Aljihunsa yake dubawa, kuma aljihun nan ne yake sayen garin masara da kuɗin makarantar yara.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa, domin nan ribar take kuma nan haɗarin yake: sayar da kara-kara. Dokar taƙaita taba ta ƙasa, wadda Shugaba Jonathan ya sa wa hannu a watan Mayun 2015, ta hana sayar da sigari sai a kwali cikakke mai kara 20. Ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana a sa wanda bai kai 18 ba ya sayar, wanda ke nufin yaron shagonka in ƙarami ne bai kamata ya miƙa sigari ba. A ranar 31 ga Mayun 2017 ministan lafiya na lokacin, Farfesa Isaac Adewole, ya fito ya ce za a fara aiki da waɗannan sassa. Kai da ni mun san abin da ke faruwa a kan titi: kusan kowane tebur kwali a buɗe yake, ana zare kara ana miƙawa tare da ashana. Doka tana nan, aiwatarwa ce ta yi rauni.

Me ya sa masu yaƙi da taba suka matsa wa wannan batu? Saboda kara-kara shi ne ke kashe kaifin haraji. Mutumin da zai yi tunani sau biyu kafin ya fitar da kuɗin kwali guda, ba ya jin komai in ya miƙa canjin da ya rage masa bayan shan shayi. Ɗan makarantar da ba zai taɓa tara kuɗin kwali ba yana da kuɗin kara ɗaya. Wanda ya yi niyyar bari kuma, "ɗaya kawai" ce take mayar da shi. Ga shi mai sayen kara ba ya riƙe kwalin balle ya ga hoton gargaɗin da ke jiki. Duk ranar da gwamnati ta tashi yin da gaske, nan za ta fara, domin ba ya buƙatar sabuwar doka, jami'ai kawai yake buƙata.

Ka yi wannan lissafi, adadin na misali ne, ka sa naka farashin a gurbinsa. A ce mai tebur ya sari kwali a naira 900. In ya sayar da shi a rufe, da ƙyar ya samu 1,000, ribarsa 100. In ya fasa shi ya sayar da kara a naira 60, ya tashi da 1,200, ribarsa 300. Wato kashi biyu cikin uku na ribarsa daga abin da doka ta hana yake fitowa. Ranar da aka tsaurara, mafi yawan abokan cinikinsa ba za su iya sayen kwali ba, shi kuma riba ba za ta ishe shi ba. Kai da za ka zama mai raba musu kaya, dukkan kasuwarka a kan wannan tsari za ta tsaya, kuma kuɗinka ne zai kasance a hannunsu bashi. Wannan gini ne a filin da takardarsa ba taka ba: za ka iya shekara goma ba wanda ya ce maka uffan, za a iya zuwa da safe ɗaya a shafa jan fenti.

Hoton gargaɗi da hana talla aikinsu a hankali yake. Ƙa'idojin da aka fitar a 2019 ne suka wajabta hoton cuta a rabin kwali, aka fara gani a kasuwa daga 2021, da sharaɗin a ƙara girmansa zuwa kashi 60 daga baya. Tsohon mashayi yana iya kau da kai, wani ma ya juye kararen a wata 'yar gwangwani. Amma binciken ƙasashe da yawa ya nuna hoto ya fi rubutu sa mutum tunanin bari, musamman inda da yawa ba sa karanta Turancin da ke kwalin. Tallan rediyo da talabijin da manyan allunan bakin hanya da waɗanda suka manyanta suka sani, duk sun tafi, a 2024 kuma hukumar tace finafinai ta ƙasa ta fitar da ƙa'idar hana ƙawata shan taba a fim. Waɗannan ba sa raba mai sha da tabarsa yau. Sababbin shiga suke ragewa, kuma kasuwar da tsofaffin abokan cinikinta ke mutuwa ko suke bari dole ta dogara da sababbin shiga. Wani abu da ya shafe ka kai tsaye: idan dila ya kawo maka lema ko allo ko fentin shago mai ɗauke da sunan sigari a matsayin kyauta, ka sani doka tana iya ɗaukarsa talla, kuma a ƙofarka yake, ba a tasa ba.

Hana sha a wuraren jama'a ya yi aiki sosai a ƙasashen sanyi. Ireland ce ta fara hana shi a duk wuraren aiki a 2004, har da mashaya da gidajen abinci, wasu ƙasashe suka bi sahu. Dokarmu ta 2015 ma ta hana a makarantu, asibitoci, motocin haya, gidajen abinci, filayen wasa da makamantansu, da tarar naira 50,000 ko ɗaurin wata shida. Sai dai a wajenmu yawancin sha a waje ake yi, a bayan tasha, a gefen mai shayi, a lungu. A ƙasar Hausa kunya ta riga doka yin wannan aiki. Mutum ba ya kunna sigari gaban mahaifinsa ko surukinsa, da yawa ma matansu ba su taɓa ganinsu da ita a hannu ba. Kai kanka ka san yadda cinikin yake mutuwa da rana a watan azumi ya dawo bayan shan ruwa, ka kuma san wasu daga nan suke yin sallama da ita.

Kada kuma ka ji tsoron za a wayi gari an haramta sigari ɗungurungum. Inda aka gwada bai yi kyau ba. A lokacin korona Afirka ta Kudu ta hana sayar da ita daga 27 ga Maris zuwa tsakiyar Agustan 2020. Wasu sun bari, amma mafi yawan masu sha sun ci gaba da samu ta bayan fage a farashi mai ninki, kuma bayan an ɗage haramcin kasuwar ta ɓoye ta riƙe fiye da rabin cinikin ƙasar. Bhutan ta hana sayarwa tun 2004, ta janye a 2021 saboda fasa-ƙwauri ya gagare ta. Gwamnatoci sun ga wannan. Hanyar da suka zaɓa ita ce matsi a hankali: tsada, hoto, hana talla, ƙuntata wurin sha da wurin sayarwa.

Nan ne mutuminka na biyu ya shigo. Duk inda haraji ya tashi, wani zai nemi hanyar kauce masa, kuma iyakokinmu da Nijar da Benin da Kamaru suna da faɗi. Amma ka dubi abin da yake so ka ɗauka. Duk sigarin da aka yarda a sayar a Najeriya dole ta ɗauki hoton gargaɗin Najeriya. Kwalin da babu hoto shi da kansa ne shaida a kanka, jami'in kwastam ba ya buƙatar ya tambaye ka rasit. In aka kama, ba ribar kawai za ka rasa ba, har uwar kuɗin, ga rufe shago, ga zirga-zirgar beli da lauya, ga sunanka a bakin mutanen kasuwa. Wanda ya kawo maka kayan kuwa wayarsa ba za ta shiga ba. Ribar da ya ce ta ninka kuɗin haɗarin da ya sauke daga kansa ya ɗora maka ne. Ban da haka, ba ka san inda aka yi ta ba, ba ka san tsawon zamanta a sito ba. Kuma sigari mafi araha a unguwa hannun yara take ƙarewa.

Mu koma kan tayin dilan, wanda halastaccen kaya ne a idon doka. Ribar sari a sigari siririya ce, domin kamfani ne ke yanka farashi daga sama, kowa a kasuwa ya san shi, ba ka da damar ƙara ko sisi. A ce, misali, kana samun kashi 3 cikin 100, kana juya miliyan huɗun sau biyu a wata. Naira 240,000 ke nan a takarda. Cire kuɗin mota zuwa ƙauyuka, cire na yaron da zai raba, cire katan ɗin da danshin damina ya taɓa, domin taba ba ta jure laima. Sannan babban abin: masu tebur ba sa biya hannu da hannu, sai sun sayar. In mutum uku suka riƙe maka dubu hamsin-hamsin, ɗaya ya tafi ci-rani bai dawo ba, ribar watan ta tafi. Juyi biyun nan ma sai in ciniki bai ja baya ba, alhali duk abin da na lissafa maka a sama yana tura shi baya ne.

Akwai masu cewa ai in farashi zai tashi, wanda ya tara kaya shi ke cin riba. Yakan faru sau ɗaya ko biyu. Amma irin wannan doka tana canza kwali ma, kamar yadda aka yi a 2021, kuma duk lokacin da aka canza hoto ko girmansa, tsohon kaya yana da wa'adin da zai bar kasuwa. Wanda ya cika sito yana jiran tashin farashi zai iya tashi da katan-katan da ba ya iya fitarwa a fili. Ka kuma tambayi dilan maganar lasisi, domin ƙa'idojin 2019 sun ɗora lasisi a kan masu yin taba da masu shigo da ita da masu rarraba ta. Ka ce ya nuna maka nasa, ya kuma faɗa maka a rubuce a wane matsayi za ka tsaya. Ka tambaye shi ko zai karɓi kayan da suka lalace ko waɗanda aka canza wa kwali. Yadda zai amsa waɗannan zai nuna maka wanda zai ɗauki asara in ta zo.

Na san abin da za ka ce, kowane mai shago yana faɗa: sigari tana jawo ciniki, wanda ya zo sayen kara zai haɗa da ashana, alawa, ruwan leda. Wataƙila haka ne a shagonka, wataƙila kuma ɗabi'a ce kawai ta sa kake gani haka. Ka auna. Ka ware littafi guda na wata ɗaya, duk wanda ya sayi sigari a rubuta abin da ya haɗa da shi da ribar da aka samu, a gefe kuma a rubuta bashin sigari da ya fita da wanda ya dawo. A ƙarshen wata ka raba ribar da jarin da ke kwance a sigarin, ka yi irin wannan lissafi ga sukari, madara, taliya, sabulu da man gyaɗa. Masu shago da dama sukan tarar cewa sigari ta fi kowane kaya yawan shige da fice, amma ba ita ce ta fi kawo riba a kan kowace naira ba.

Abin da dilan ya gani a wurinka har ya yi maka tayi ba kuɗinka ba ne kaɗai. Ya ga kana da masu tebur da suka yarda da kai, ka san wanda ke biya da wanda ba ya biya, ka san hanyar ƙauyukan da ranakun kasuwarsu. Wannan ita ce dukiyarka ta gaske, kuma za ta ɗauki kowane irin kaya. Teburin da ke sayar da sigari shi ne ke sayar da biskit, alawa, cingam, omo na ƙulli, magi, batir, madarar leda da ganyen shayi. Masu shayin tasha kullum suna neman sukari, madara, taliyar yara da ƙwai, kuma ba ranar da za a kafa dokar hana su. Da ni ne, zan sa kamar miliyan biyu da rabi a sarin irin waɗannan daga Kano ko Zariya, in fara da mutanen da na riga na sani, da ƙa'idar ba sabon kaya sai an biya na baya. In ware wani abu don na'urar POS da firiza mai aiki da hasken rana, domin a bakin tasha cire kuɗi da ruwan sanyi suna tara mutane fiye da yadda sigari ke yi. Sauran in bar shi a hannu saboda farashin kaya yana motsi, wanda ke da kuɗi a ƙasa shi ke sayen rahusa.

Sigarin da ke shagonka yanzu kuma ba na ce ka zubar gobe ba. Kada ka ƙara mata jari, kada ka ba da ita bashi, ka bar ta tana raguwa yayin da sauran kayan ke cike gurbinta. Amma abu ɗaya ka fara yau: kada a sayar wa yaro, ko da ya ce babansa ko yayansa ne ya aiko shi. Da yawan masu sha daga aike suka fara, a hanya ake kunna ta farko. Ka faɗa wa yaran shagonka, ka faɗa wa masu aiken da bakinka cikin mutunci cewa su zo da kansu. Za ka rasa 'yan nairori, wani ma zai yi fushi na kwana biyu.

Ba zan rufe maka abin da ke raina ba, Malam. Ni mai ba da shawarar kasuwanci ne, amma kayan nan ba kamar sauran kaya ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba tana kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, kuma tana iya kashe har rabin masu shan ta da ba su bari ba, ta hanyar ciwon daji, ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki da cutar huhu. Kai ka san fuskokin, ka san wanda tarinsa yake riga shi isowa shago da asuba. Hukuncin cinikinta a addini malamai sun yi magana a kai, da yawansu sun tsananta, wannan ka zauna da malamin da ka amince da shi. Abin da ya shafi fannina shi ne, a wannan karon lissafin riba da abin da zuciya ta fi natsuwa da shi hanya ɗaya suka nuna.

Shi dilan kada ka ɓata da shi. Ka gode masa, ka ce jarinka ya riga ya samu wurin zuwa, ka tambaye shi ko yana da hanyar wasu kayan ban da taba, domin da yawansu suna haɗa dillancin kamfani fiye da ɗaya. Idan ka gama lissafin watan nan, ka aiko mini da abin da littafin ya nuna, da jerin kayan da masu teburinka suka fi nema, sai mu duba wanda ya kamata ka fara saro da adadin da za ka ɗauka a zuwan farko. Allah ya ba da sa'a.